Yadda Ake Gane Burbushin Ƙananan Halittun Teku a Dutsen Farar Ƙasa

Masu haƙar rijiya a yankin Gaya da Ajingi sukan ci karo da farar tsakuwa, wani lokaci har da ɓawon katantanwa, sai magana ta bazu cewa an samu dutsen siminti. Muna gabatar da wannan bayani domin dagatai, masu unguwanni da ma'aikatan ƙananan hukumomi su iya tantancewa kafin wani ya sayar da gona ko ya zuba kuɗinsa.

Dutsen farar ƙasa na asali ya samu ne daga ɓawon halittun da suka taru a ƙarƙashin teku. Kimanin shekaru miliyan 60 da suka wuce, wani reshen teku ya malale ƙasar Sakkwato, shi ya bar dutsen Kalambaina wanda ake yin siminti da shi tun 1967. Ƙasar gabashin Kano kuwa yashi ne da laka da koguna da tabkuna suka jibge a kan ƙaƙƙarfan dutse, teku bai bar irin wannan shimfiɗa a nan ba.

Gwajin farko shi ne a kankare dutsen, a ɗiga ruwan lemon tsami a kan garin. In ya yi kumfa, akwai sinadarin farar ƙasa. Amma a lura, farar tsakuwar fadama ma tana kumfa, don haka wannan gwaji kaɗai bai isa hujja ba.

Sai a fasa dutsen, a jiƙa shi da ruwa, a duba da gilashin ƙara girma mai ninki 10. Abin da aka fi nema shi ne foraminifara, wata halitta mai ƙwayar rai guda. Yawancinsu ba su kai ƙwayar gero ba, kuma in an dace da wadda ta tsage, za a ga ɗakuna-ɗakuna a jere, sun nannaɗe kamar gammo. Akwai kuma bushiyar teku, mai kama da dunƙulen fura, da zanen tauraro mai kai 5 a bayanta. Wannan ba ta rayuwa sai a ruwan gishiri, saboda haka shaidarta ta fi kowace ƙarfi. Ostirakod kuwa, mai siffar ƙwayar wake da tsawon kusan milimita 1, ana samunta har a tabki, kada a dogara da ita. Haka nan katantanwar fadamar kogin Wudil: ta ruwan daɗi ce, ɓawonta sirit, kuma tana fita daga laka cikin sauƙi.

Duk wanda ya ga abin da ya ɗaure masa kai, ya rubuta wurin da zurfin ramin, ya miƙa samfuri ga ƙaramar hukuma domin a aika wa Hukumar Binciken Ƙasa ta Nijeriya. Har ila yau muna tunatar da jama'a cewa dokar ma'adinai ta 2007 ta sanya dukkan ma'adinai a hannun Gwamnatin Tarayya, kuma ba a haƙa don sayarwa sai da lasisi.