Daga mujallar 1978 zuwa wayar hannu: yadda ilimin sarrafa bayanai ya iso mana

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin madatsar ruwa ta Challawa da ke Ƙaraye ya san ba a auna ruwa mai gudu da bokiti. Haka bayanai suke a yau. Kiran waya da saƙonni da kuɗin da ake turawa ta POS kwarara suke yi ba tsayawa, kuma babu kwamfutar da za ta iya adana su duka kafin ta yi lissafi a kansu. Dabarun magance wannan sun girmi yawancinmu. Abin da ya daɗe bai samu ba shi ne hanyar da ɗan Kafin Dafga zai karanta su.

Mu koma 1978. A shekarar, mujallar Communications of the ACM ta Amurka ta buga maƙaloli biyu da har gobe ake koyarwa. Ta farko ta Leslie Lamport ce, a kan kwamfutoci da yawa da ke aiki tare alhali suna wurare daban-daban. Misali, an ciri kuɗi daga asusu ɗaya a Rogo da Ƙaraye kusan lokaci guda, kuma agogon na'urorin biyu bai zo ɗaya ba. To wane ne ya riga? Lamport ya ce a daina dogaro da agogo: kowace na'ura ta riƙe lamba, ta ƙara mata ɗaya bayan kowane aiki, ta kuma liƙa ta a jikin duk saƙon da ta aika. Wadda ta karɓa sai ta ɗaga tata lambar ta wuce wadda ta zo mata. Da haka ake jera abubuwa yadda amsa ba za ta taɓa riga tambaya ba.

Ta biyu ta fi burge ni. Robert Morris na Bell Labs yana son ƙirga abubuwa masu yawan gaske, amma gurbin da yake da shi bit 8 ne kawai, wanda ba ya wuce 255. Sai ya haƙura da ƙidaya daidai wa daida, ya koma ƙiyasi. Ga saukin fasalinta: ka fara da sifili. Duk lokacin da abu ya wuce, ka jefa kwabo sau adadin lambar da ke hannunka. Idan duk jifan suka faɗi ta fuska ɗaya da ka zaɓa, ka ƙara ɗaya, in ba haka ba ka ƙyale. Idan lambarka ta kai 10, to abin da ya wuce ya kai wajen 1,000. Akwai kuskure, ƙwarai kuwa, amma ka ƙirga dubu da gurbin goma. Daga irin wannan tunani Flajolet da Martin suka fito da hanyar ƙiyasta yawan abubuwa mabambanta a 1985, sannan Alon da Matias da Szegedy suka kafa wa fannin harsashi a 1996.

To a 1978 wa zai ga wannan mujalla a ƙasar Kano? Jami'ar Bayero shekararta ɗaya kacal da zama cikakkiyar jami'a. A Zariya kuwa Farfesa Iya Abubakar, masanin lissafin da cibiyar kwamfuta ta ABU ke ɗauke da sunansa, shi ne shugaban jami'ar a tsakanin 1975 da 1978. Ilimin yana cikin harabar jami'a, a ɗakin karatu, kuma sai wanda ya samu gurbin karatu ke shiga. Na baya sun taso ne da handawut da fotokwafin littattafai, wani shafin ma ya dushe har ba a gane alamomin lissafin.

Shekarar 2001 ta kawo abubuwa biyu da a lokacin ba a ga alaƙarsu ba: wayar GSM ta fara aiki a Najeriya, jami'ar MIT kuma ta sanar da cewa za ta saki kayan darussanta kyauta a intanet. Sai dai ba nan take aka amfana ba. Kafe ake zuwa a sayi awa ɗaya, rabinta ta tafi wajen jiran shafi ya buɗe. GitHub da Stack Overflow sun zo a 2008, wayar intanet ta ƙarƙashin teku ta MainOne ta iso Legas a 2010, sannan wayoyin Android masu araha suka cika kasuwar Farm Centre.

Wani abin sha'awa: ɗan wancan Morris, shi ma Robert sunansa, malami ne a MIT, kuma ya koyar da darasin 6.824 a kan kwamfutoci masu aiki tare. Laccocinsa na 2020 suna YouTube kyauta, ayyukan gwajin kuma da yaren Go ake rubuta su. Maƙalar mahaifinsa sai a 2022 ta zama kyauta ga kowa, lokacin da ACM ta buɗe duk abin da ta wallafa daga 1951 zuwa 2000. Wato shekara 44.

Ni a ganina, yanzu matsalar ba rashin abin karatu ba ce. Kowace lacca ta haura awa ɗaya, ga tsadar data, ga caji. Ni kaina a cikin Kano na sauke su da dare, na dawo da su gida a waya, wani ƙanena ya kwafa ta Xender. Ya kalli biyu ya ajiye, ba don lissafin ya fi ƙarfinsa ba, Turancin malamin ne ke gudu. Ƙungiyoyi irin su Arewa Data Science Academy suna koyar da Python da sarrafa bayanai kyauta, amma a waɗannan fannoni biyu rubutun Hausa kaɗan ne matuƙa.

Washegari na zaunar da shi da kwabo da mudun masara, muka gwada dabarar Morris da ƙwaya 100. Lambarsa ta tsaya a 6, wato ƙiyasin 63. Tawa ta kai 7, wato 127. Shi da kansa ya ce mu haɗa biyun mu raba, muka samu 95.