Hadana da Nafaƙa: Tsakanin Fiƙihu da Al'ada a Ƙasar Daura

Duk wanda ya zauna zauren malamai a Babban Mutum, cikin ƙaramar hukumar Baure ta masarautar Daura, ya ji ana biya babin aure a Risala ko Muhtasar, sa'an nan ya dubi yadda aure ke mutuwa a gidajenmu, lalle zai ga rata mai faɗi tsakanin karatu da aiki. Malikiyya ta hukunta matar da aka yi wa saki na kome ta yi idda a ɗakinta, ci da sha bisa wuyan miji; ta kuma ba uwa hadana, wato riƙon 'ya'ya, namiji har ya balaga, mace har ta tare, muddin uwar ba ta auri bare ba, alhali nafaƙa tana kan uba. Al'ada kuwa, da an miƙa takardar saki sai a loda gado da kwanuka a amalanke tun kafin magariba, da an yaye yaro kuma a aiko a karɓe shi.

A zamanin gandu, lokacin da uba da 'ya'yansa ke noma gona ɗaya suna ci daga rumbu ɗaya, illar wannan al'ada ba ta bayyana ƙwarai ba, domin yaron yana da kaka da gwaggo. Yanzu da gandu ya watse, magidanta suka yawaita ci-rani a Kano da Abuja da Legas, sai yaro ya faɗa hannun kishiyar uwa, ko talla, ko bara.

Abin takaici, tun da Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta sa shekara 18 haddin aure, muhawararmu ta tsaya kan shekaru, aka bar saki da nafaƙa, waɗanda babu saɓani a kan asalinsu. Da Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya kawo shawarar kundin dokar iyali a 2017, masu suka sun ce rubuta hukunci ƙuntata ijtihadin alƙali ne, kuma ƙofa ce ga baƙin ra'ayi. Wannan tsoro yana da hujja, amma maganinsa shi ne malamanmu su riƙe alƙalamin da kansu, su tsamo kundin daga littattafan da suke karantarwa. Maroko, wadda ita ma Malikiyya take bi, ta sa saki ƙarƙashin kulawar alƙali a Mudawwana, kundin dokar iyalinta na 2004; sashe na 277 na Tsarin Mulkin 1999 kuma ya riga ya ba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a hurumin aure da riƙon yara.

Saboda haka maslaha ta wajabta wa majalisar dokokin Katsina ta shar'anta cewa kowane saki a rubuta shi gaban alƙali, kuma a wannan zama a yanke wanda zai riƙi yara, da adadin hatsi da kuɗin da uba zai riƙa bayarwa kowane wata, da hukuncin wanda ya ƙi alhali yana da hali.