Limamin asibiti, gidan kaso da bariki: mene ne aikinsa, kuma wace doka ke kare shi?

Mara lafiyar da ke kwance a asibiti, da ɗan kaso, da sojan da ke bakin daga, duk abu ɗaya ya haɗa su: ba za su iya tashi su tafi masallaci ko coci lokacin da suke so ba. Saboda haka ƙasashe da dama suka tanadi malamin addini wanda shi zai je ya same su. Da Faransanci ana kiran sa aumônier, da Ingilishi kuma chaplain. A Hausa akan ce limamin soja, limamin asibiti ko limamin gidan kaso, idan kuma Kirista ne a ce fada ko fasto na wurin. Bambancinsa da limamin unguwa shi ne, jama'arsa ba su ne suka zaɓi wurin da suke ba, kuma yana aiki ne ƙarƙashin iko biyu: shugabannin addininsa da hukumar gidan da yake shiga.

Asalin sunan

Kalmar Ingilishi ta samo tushe ne daga labarin Martin na Tur, sojan daular Rum a ƙarni na 4. Ana ba da labarin cewa ya raba alkyabbarsa biyu a ƙofar garin Amiyan, ya ba wani mabaraci rabi saboda sanyi. Daga baya ya zama bishop na Tur, ya rasu a shekarar 397. Sarakunan Faransa na da sun adana abin da suka ɗauka ragowar alkyabbar ce, suna fita da ita yaƙi. Da Latinanci ana kiran ƙaramar alkyabba capella, don haka aka laƙaba wa malaman da ke tsaron ta sunan da ya zama chaplain. Ita kuwa aumônier daga aumône ta fito, wato sadaka, domin a farko malamin fada ne mai raba sadakar sarki ga matalauta.

Sunan daga Kiristancin Turai ya zo, amma aikin ba baƙo ba ne ga Musulmi. Duba mara lafiya yana cikin haƙƙoƙin Musulmi a kan ɗan'uwansa, haka nan laƙƙana wa mai gargarar mutuwa kalmar shahada. Wanka da likkafani da sallar jana'iza farilla ce da idan wasu suka yi ta faɗi a kan saura. A wajen Kirista ma, babi na 25 na Linjilar Matiyu ya sa ziyarar mara lafiya da ɗaurarre cikin ayyukan da za a yi wa mutum hisabi a kansu. Abin da ke sabo shi ne mayar da wannan hidima aiki mai doka da takardar izini.

Abin da yake yi

Limamin irin waɗannan wurare yana jagorantar ibada: sallar Juma'a da ta Idi, ko sujadar Lahadi. Amma mafi yawan lokacinsa a sauraro yake tafiya. Yana zama da wanda aka yanke wa hukuncin shekaru masu yawa, da wanda likita ya gaya wa cewa ciwonsa ba ya jin magani, da sojan da aka kashe abokinsa a gabansa. Yana amsa tambayoyin da halin da ake ciki ke haifarwa: yadda mai ɗauke da ƙarin ruwa zai yi taimama, yadda zai yi salla a kwance, ko mai ciwon suga zai ajiye azumi. Yana kuma yi wa hukumar gidan bayani kan abinci, da lokutan watan Ramadan, da yadda ake mu'amala da gawa. Idan mutuwa ta zo, sau da yawa shi ne mahaɗa tsakanin asibiti da dangi da masu jana'iza.

Akwai iyakoki guda biyu da kusan ko'ina ake gindaya masa. Ba ya tilasta wa kowa ziyararsa, kuma ba a yarda ya yi amfani da raunin mara lafiya ko ɗan kaso don ja shi zuwa wani addini.

Kariyar dokokin duniya

Yarjejeniyoyin Janiba na 1949 sun sa limaman soja a sahu ɗaya da likitocin soja. Sashe na 24 na yarjejeniya ta farko ya ce a girmama su, a kare su a kowane hali. Suna da damar ɗaura alamar jan kuros ko jan jinjirin wata. Idan suka faɗa hannun abokan gaba, yarjejeniya ta uku ta ce ba a ɗaukar su fursunonin yaƙi, sai dai ana iya riƙe su don su ci gaba da yi wa fursunoni hidima.

Game da gidajen kaso, Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince a 2015 da ƙa'idojin da aka sa wa sunan Nelson Mandela. Ƙa'ida ta 65 ta ce idan akwai isassun ɗaurarru mabiya addini ɗaya, a naɗa musu wakilin addinin da ya cancanta, a bar shi ya yi musu ibada, ya kuma gana da su a keɓe. Ta ƙara da cewa ba a hana ɗaurarre ganin wakilin addininsa, kuma idan ya ƙi ziyarar a mutunta ra'ayinsa. Waɗannan ƙa'idoji ba yarjejeniya ba ce mai tilasta wa ƙasa, amma su ne ma'aunin da masu sa ido kan gidajen kaso ke aiki da shi.

Tsarin Faransa

Faransa ce misalin da ya fi shafar masu karatu a ƙasashen da ke aiki da Faransanci, kuma tsarinta yakan ba mutane mamaki. Dokar 9 ga Disamban 1905 ta raba addini da gwamnati, sashenta na 2 ya ce jamhuriya ba ta biyan albashi ko tallafi ga kowane addini. Amma wannan sashen ne kuma ya keɓe kuɗin hidimar aumônier a makarantu, da gidajen jinya, da gidajen kaso. Dalilin a bayyane yake: idan gwamnati ta tsare mutum a wuri, ita ce ke da alhakin ganin bai rasa ƴancin ibadarsa ba. Limaman soja kuwa dokar 8 ga Yulin 1880 ce tushensu.

Shekaru da yawa Katolika da Furotesta da Yahudawa kawai ke da wannan hidima a rundunar Faransa, duk da dubban Musulmin Afirka da suka yi mata yaƙin duniya na ɗaya da na biyu. Sai bayan kafa majalisar Musulmin Faransa ta CFCM a 2003 aka samu wadda gwamnati za ta yi magana da ita. A 2005 aka kafa sashen limaman Musulmi na soja, aka naɗa Abdelkader Arbi shugabansa na farko a 2006. Limamin sojan Faransa ba shi da muƙamin soja. Al'adar ita ce ana ɗaukar sa daidai da muƙamin wanda yake magana da shi, don ƙaramin soja ya iya buɗe masa ciki ba tare da tsoro ba.

A gidajen kaso addinai bakwai ne ke da wakilai: Katolika, Furotesta, Musulmi, Yahudawa, Otodoks, mabiya Buda da Shaidun Jehobah. Na ƙarshen sai da kotun ƙoli ta harkokin mulki ta yanke hukunci a watan Oktoban 2013 kafin a amince da su. Doka ta ba ɗan kaso damar ganawa da limami ba tare da gandiroba a wurin ba, kuma wasiƙar da ya rubuta masa a rufe take tafiya. Tun dokar watan Mayun 2017, sabbin limaman da gwamnati ke biya dole su mallaki takardar shaidar horo kan dokokin ƙasa da zaman jama'a.

Amurka, Ingila da Najeriya

A Amurka aikin limamin soja ya girmi ƙasar kanta, domin majalisar ƴan mulkin kai ta amince da shi ranar 29 ga Yulin 1775. Limamin Musulmi na farko a rundunar ƙasa, Abdul-Rasheed Muhammad, a 1993 aka ɗauke shi. A can ne kuma aka fara horar da malaman addini a cikin asibiti, lokacin da Anton Boisen ya kawo ɗaliban tauhidi asibitin masu taɓin hankali na Wusta a 1925. Wannan horo, wanda ke koyar da sauraro fiye da wa'azi, ya bazu zuwa ƙasashe da yawa.

A Ingila hukumar gidajen kaso ta naɗa mai ba ta shawara kan harkokin Musulunci a 1999, rundunar soja kuma ta samu limamin Musulmi a 2005. A Najeriya rundunar sojan ƙasa tana da sassa uku: na harkokin Musulunci, na Katolika da na Furotesta. Limamai da fastocinta hafsoshi ne masu kaki da muƙami, kuma ba wuya a ga masallaci da coci a bariki ɗaya.

Inda ake taƙaddama

Babbar matsalar aikin ita ce amana. Bayan hare-haren Janairun 2015 a birnin Pari, gwamnatin Faransa ta sanar da ƙarin limaman Musulmi 60 a kan 182 da ke gidajen kaso, a matsayin matakin yaƙi da tsattsauran ra'ayi. Ƙarin ya biya wata buƙata ta gaske, domin inda babu limami, wani ɗan kaso ne ke naɗa kansa malami. Sai dai idan ɗaurarru suka ɗauki limami a matsayin kunnen hukuma, sai su daina zuwa wurinsa, kuma waɗanda aka fi so ya kai gare su su ne na farkon gudunsa.

Matsala ta biyu kuɗi ce. Limamin gidan kaso a Faransa alawus yake karɓa, wanda bai kai albashi ba. Fada na Katolika yana da coci a bayansa mai ɗaukar nauyinsa, limamin Musulmi kuwa galibi sai ya haɗa da wata sana'a, abin da ke rage kwanakin da zai iya shiga.

Ta uku ita ce harshe. Baƙon da ba ya jin Faransanci ko Larabci, sai Hausa ko Zabarmanci, yana iya samun limami amma su kasa fahimtar juna a kan abin da ya fi damun sa.

Ga wanda ɗan'uwansa ke kwance a asibiti ko tsare a ƙasar waje, abin lura shi ne hidimar kyauta ce, amma sai an nema. A asibiti ana gaya wa ma'aikatan jinya ko a duba takardar maraba da ake ba mara lafiya. A gidan kaso ɗaurarren ne da kansa zai rubuta buƙata. Idan ciwo ya yi tsanani, ya fi kyau dangi su nemi limamin tun mara lafiya na da rai, domin shi ya san hanyar wanka da jana'iza, da ƙungiyoyin da ke taimakawa wajen binnewa a can ko mayar da gawa gida.