Ikko-ikki: Tarihin Ƙungiyar Rantsuwa da Ta Ja da Sarakunan Yaƙin Japan

Ikko-ikki shi ne sunan da masana tarihin ƙasar Japan suke kiran waɗansu rundunoni na manoma da ƙananan mayaƙa da limaman ƙauye, mabiya wata ɗariƙa ta addinin Buda mai suna Jodo Shinshu, waɗanda suka ɗaure kawunansu da rantsuwa, suka yi ta fafatawa da sarakunan yaƙin ƙasar tun daga wajen shekara ta 1474 har zuwa 1580, suka ƙwace lardi guda suka riƙe shi kusan shekara ɗari, kana suka tsaya wa Oda Nobunaga, wanda ya fi kowa ƙarfi a zamaninsa, shekara goma cur. Ma'anar ikko ita ce fuskantar al'amari guda da zuciya ɗaya, ikki kuwa haɗin gwiwar mutanen da suka yi alkawarin zama tsintsiya maɗaurinki ɗaya.

Al'adar ƙulla ikki ta girmi wannan ɗariƙa. Idan mutanen wani yanki suka yi nufin haɗa kai a kan wata manufa, sai su rubuta sharuɗɗan alkawarinsu a takarda, su sa hannu, wani lokaci a zagaye kamar bakin faifai don kada a gane wanda ya fara balle a ce shi ne kan fitina, sa'an nan su ƙone takardar a wurin bautarsu, su dama tokar da ruwa, kowa ya kurɓa. Wanda ya sha wannan ruwa ya zama daidai da ɗan'uwansa a cikin alkawarin, ko da a waje ɗaya ubangida ne ɗaya bara. Abin da mabiya Jodo Shinshu suka ƙara a kan wannan tsohuwar al'ada shi ne aƙida wadda ta ƙetare iyakar ƙauye da ta lardi, da kuma shugaba guda wanda kalmarsa take isa inda umarnin sarki ba ya isa.

Asalin ɗariƙar yana komawa ga wani malami mai suna Shinran, wanda aka haifa a 1173 ya rasu a 1263. Karantarwarsa ita ce, zamani ya lalace har mutum ba shi da ikon tsirar da kansa da aikinsa, saboda haka babu mafita sai dogaro ga alkawarin da suka yi imani Amida Buda ya ɗauka na shigar da masu kiran sunansa wata ƙasa mai tsarki bayan mutuwa. Shinran ya bar ruhubananci ya yi aure, abin da ya sa shugabancin ɗariƙar ya zama gado a cikin zuriyarsa, kuma hubbarensa da ke Kiyoto shi ne ya girma ya zama haikalin Honganji. Wannan haikali ya daɗe cikin talauci da rashin suna, har Renniyo, shugaba na takwas, ya hau a 1457.

A kan Renniyo ya kamata a dakata, domin shi ne ya saƙa igiyar da daga baya ta shaƙe sarakuna, alhali kuwa bai saƙa ta don yaƙi ba. A 1465 ruhubanawa masu makamai na dutsen Hiyei, waɗanda suke ganin karantarwarsa bidi'a ce mai janye musu mabiya da kuɗin shiga, suka sauko suka rushe Honganji, ya fita yana yawo daga wannan gari zuwa wancan, har a 1471 ya sauka a Yoshizaki, kan iyakar lardunan Echizen da Kaga a gaɓar tekun arewa. Daga can ya dinga rubuta wasiƙu da harshe mai sauƙi wanda manomi zai fahimta, ana kai su ƙauyuka ana karantawa da babbar murya a majalisun da mabiya suke taruwa lokaci lokaci, su yi ambato, su tattauna aƙida, su ci abinci tare, su tara gudummawar da za a aika wa haikali. Duk wanda ya san sha'anin jama'a ya san cewa mutanen da suka saba haɗuwa a kai a kai, suna da asusu guda da manzanni masu kai saƙo tsakaninsu, ba su da nisa da zama runduna a ranar da aka matsa musu. Kuma zamanin na matsi ne, domin Yaƙin Onin, wanda aka yi daga 1467 zuwa 1477, ya mayar da Kiyoto kufai, ya karya ƙarfin gidan Ashikaga masu riƙe da muƙamin shogun, wato amirul jaishin da yake mulki da sunan Sarkin Japan, ya bar kowane gwamnan lardi yana cin gashin kansa.

A lardin Kaga wutar ta fara kamawa. 'Yan'uwa biyu na gidan Togashi suna rigimar gwamnanci, mabiya Honganji suka goyi bayan Masachika a 1474 har ya rinjayi ƙanensa, amma da ya ga ƙarfin waɗanda suka ɗora shi sai ya tsorata ya juya musu baya. Renniyo ya yi ta gargaɗin mabiyansa su bi dokar mai mulki a zahiri, su biya haraji, su ɓoye imaninsu a zuci, kuma da ya ga al'amarin ya fi ƙarfinsa sai ya bar Yoshizaki a 1475. Gargaɗin bai hana kome ba. A 1488, bayan Masachika ya ɗora wa jama'a nauyin guzurin yaƙin da ya raka shogun zuwa lardin Omi, mabiya ɗariƙar da mayaƙan karkara suka yi masa ƙawanya a ganuwarsa ta Takao, ya kashe kansa, suka ɗora wani dattijon danginsa a kan kujera don suna kawai. Tun daga lokacin ake yi wa Kaga laƙabi da ƙasar da manoma suka mallaka. Laƙabin yana da daɗin ji, amma adalci ga tarihi shi ne a faɗa cewa ragamar mulki ta fi zama a hannun manyan limamai, ciki har da 'ya'yan Renniyo, da masu gonaki riƙe da takobi, kuma bayan yaƙin basasar da ya ɓarke tsakaninsu a 1531 Honganji ce ta karɓe iko kai tsaye, ta gina cibiyarta a Kanazawa a 1546. Duk da haka, lardi guda ya rayu ba tare da sarkin yaƙi a kansa ba a zamanin da ake ganin hakan ba ya yiwuwa, kuma kowane sarki a Japan ya lura.

Sabuwar hedikwatar da Renniyo ya gina a Yamashina kusa da Kiyoto an ƙone ta a 1532, a harin da waɗansu sarakuna suka kai tare da mabiya ɗariƙar Nichiren, sai shugabancin ya koma Ishiyama, inda birnin Osaka yake a yau. Wuri ne mai tudu a bakin kogunan da suke kwarara cikin teku, an kewaye shi da gwalalo da ganuwa, a cikinsa akwai unguwannin fatake da maƙera da masassaƙa waɗanda ma'aikatan sarakuna ba su da izinin shiga su karɓi haraji. Irin waɗannan garuruwan haikali sun yawaita, kuma wannan kariya tasu ita ce tushen husuma. A lardin Mikawa, a 1563, rikici a kanta ya jefa sarkin yaƙin yankin, Tokugawa Iyeyasu, yana saurayi a lokacin, cikin wani hali da bai taɓa mantawa ba, domin da yawa daga cikin barorinsa na amana, irin su Honda Masanobu, da aka ce su zaɓa tsakanin ubangijinsu da ɗariƙarsu sai suka zaɓi ɗariƙa suka ɗaga masa makami. Ya yi sulhu da su a 1564, ya yafe wa mafi yawan mayaƙan, amma ya rushe haikalan ya hana ɗariƙar a ƙasarsa kusan shekara ashirin. A nan ne ake ganin ainihin abin da ya tsone wa sarakunan ido: daularsu duka ta ginu a kan mubaya'ar bara ga ubangida, ga kuma wata mubaya'a ta bayyana wadda take ratsa gidajensu ta raba su da bayinsu.

Oda Nobunaga ya shiga Kiyoto a 1568 da niyyar tattara ƙasar a ƙarƙashin takobinsa, kuma a 1570 Kenniyo, shugaban Honganji na goma sha ɗaya, ya aika wa mabiya a larduna cewa su tashi su kare addini. Kenniyo ba limamin ƙauye ba ne. Basarake ne cikin rigar malamai, matarsa da matar sarkin yaƙi Takeda Shingen 'yan'uwan juna ne, kuma ya ƙulla ƙawance da gidajen Asakura da Azai da Takeda, daga baya da Mori da Uyesugi, har da hamɓararren shogun Ashikaga Yoshiyaki. A bayan ganuwarsa akwai maharban Saika daga lardin Kii, ƙwararru a bindigar da Turawan Fotugal suka shigo da ita ƙasar a 1543, kuma harsashin mayaƙan Honganji ya sami Nobunaga kansa a ƙafa a 1576.

Abin da ya auku a Nagashima, wani yanki na tsibirai a bakin koguna a lardin Ise, yana da nauyin faɗi. Mutanen wurin sun yi sanadin mutuwar ƙanen Nobunaga a 1570, sun kuma kore rundunarsa a 1571 da 1573. A 1574 ya dawo ta ƙasa da ta ruwa, ya toshe musu hanyar abinci wata uku har yunwa ta cinye su, sa'an nan ya sa aka kewaye sansani biyu da suka rage da kafi, aka cinna wuta ta kowace kusurwa, mutum kimanin dubu ashirin, maza da mata da yara, suka ƙone a ciki. Shekarar da ta biyo baya ya yi irin wannan a Echizen, inda marubucin tarihinsa, wanda yake baransa ne, ya ƙidaya fiye da mutum dubu goma sha biyu da aka kama aka kashe. Babu wata hujjar siyasa da za ta wanke wannan aiki, kuma ya kamata a ambace shi duk lokacin da ake yabon Nobunaga da haɗa kan Japan.

Ishiyama kuwa ta gagara, saboda teku tana ciyar da ita. A 1576 jiragen gidan Mori suka ƙone na Nobunaga da tukwanen albarushi a bakin kogin Kizu suka shigar da shinkafa. Nobunaga ya umarci Kuki Yoshitaka ya ƙera manyan jirage shida masu ɗauke da igwa, kuma da su ne aka mayar da jiragen Mori baya a 1578. Daga nan guzuri ya yi ta ƙarewa, abokan ƙawance kuma mutuwa da shan kashi sun ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, har a 1580 fadar Sarkin Japan Ogimachi ta shiga tsakani, Kenniyo ya karɓi sulhu ya fita zuwa Kii. Babban ɗansa Kiyoniyo ya ƙi, ya ƙara 'yan watanni kafin shi ma ya fita, kuma bayan fitarsa gobara ta cinye wurin ƙurmus. A wannan shekara ta 1580 Shibata Katsuiye, baran Nobunaga, ya ci Kaga, ragowar masu tirjiya a duwatsun Torigoye aka gama da su a 1582, shekarar da Akechi Mitsuhide ya ci amanar Nobunaga ya hallaka shi a Kiyoto.

Waɗanda suka gaji Nobunaga sun fi shi sanin cewa abin da wuta ba ta cinye ba dabara tana iya cinyewa. Toyotomi Hideyoshi ya fara gina ganuwar Osaka a kan kufan Ishiyama a 1583, a 1588 ya ba da umarnin karɓe takubba da masu da bindigogi daga hannun manoma, yana cewa za a narka su a yi ƙusoshin ginin wani babban gunkin Buda, kana a 1591 ya ba Honganji fili a Kiyoto inda idonsa zai riƙa kaiwa gare ta. Bayan rasuwar Kenniyo a 1592 aka ture Kiyoniyo aka naɗa ƙanensa, sai Iyeyasu, wanda ya ɗanɗana kuɗarsa a Mikawa, ya ba turarren fili a 1602 ya gina nasa haikalin. Ɗariƙar ta rabu gida biyu, Honganji ta Yamma da ta Gabas, suna maƙwabtaka a Kiyoto har yau, kuma ba ta sake tara runduna ba. Zuriyar shugabannin da suka yi kiran yaƙi sun tsira da martabarsu da haikalansu. Manoman da suka amsa kiran su ne suka ƙone a Nagashima.

A kudancin ƙasar kuwa ɗariƙar ta koma ƙungiyar asiri. Gidan Shimazu masu mulkin Satsuma sun haramta ta tun ƙarshen ƙarni na goma sha shida, suka sa masu leƙen asiri, suka riƙa azabtar da wanda aka kama, saboda haka mabiya suka riƙa haɗuwa da dare a cikin kogunan duwatsu, suna ɓoye hotunan bautarsu a cikin ginshiƙan ɗaki da kayan gida, suna aika gudummawarsu Kiyoto a ɓoye daga tsara zuwa tsara. Ba a ɗage wannan hani ba sai a shekara ta 1876.