Daga Minjirya zuwa Na'urar Gashin Baya

Magani da lantarki ya girmi batir nesa ba kusa ba. Wajen shekara ta 47 miladiyya, likitan Rum Scribonius Largus ya rubuta cewa mai ciwon gaɓɓan ƙafa ya taka wani kifin teku mai jan lantarki, da ransa, har ƙafar ta yi sanyi ta daina jin komai. Mutanen Masar ta dā ma sun zana minjirya a bangon kaburburansu, kifin nan da masuntan Kwara da Tafkin Chadi suka san zafin jansa. Da Volta ya ƙera batir a 1800, sai lantarki ya shiga hannun likitoci, kuma kafin ƙarnin ya ƙare 'yan damfara sun cika Amurka da Ingila da ɗamarun lantarki masu "warkar da komai", har masana suka wanke hannunsu daga harkar.

Ronald Melzack da Patrick Wall ne suka dawo da martabarta a 1965. Sun ce a cikin lakar baya akwai wata irin ƙofa, kuma saƙon taɓawa na iya tare saƙon zafi kafin ya kai ƙwaƙwalwa. Shi ya sa yaron da ya bugi gwiwa yake murza wurin. A 1967 Norman Shealy ya dasa wayar lantarki a kan lakar majinyaci, ita kuwa ƙaramar na'urar da ake mannawa a fata, wato TENS, da farko gwaji ake yi da ita don tantance wanda dashen zai amfana. A Najeriya aikin gashi na asibiti, wanda a yau ke amfani da irin wannan na'ura, ya fara a Igbobi ta Legas a 1945, Jami'ar Ibadan ta buɗe digirinsa a 1966. Yau tela ko ɗan Keke, ko ɗan dako a kasuwa, yana iya sayen na'urar ta intanet ba tare da ya ga likita ba.

Sai dai kyawun bayani daban, sakamako daban. A 1990 Richard Deyo ya gwada ta a kan mutum 145 masu daɗaɗɗen ciwon baya, ya ga ba ta fi na'urar bogi ba, motsa jiki ne ya ɗan taimaka. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a riƙa amfani da ita ga irin wannan ciwo. Wani zai ce shi da kansa ya ji sauƙi, kuma ba ƙarya yake yi ba: tsikarin na iya rufe zafi yayin da na'urar ke kunne. Amma wuni a dunƙule kan keken ɗinki yana nan gobe. Abin da ya fi damuna shi ne jinkiri, domin ciwon baya da ke tafe da zazzaɓi, rama ko mutuwar ƙafa yana iya zama tarin fuka ne ya ci ƙashin baya, kuma wannan ciwon hoton asibiti da magungunan watanni yake buƙata.