Ikon Sakin Ruwa da Siyasar Karkara a Fadamar Haɗejiya da Nguru

Tsakure

Maƙalar ta duba koke-koken manoma, masunta da makiyaya na fadamar Haɗejiya da Nguru tun bayan gina madatsun ruwa na Tiga da Challawa. Ta dogara ne da nazarce-nazarcen da aka wallafa game da yankin, da dokokin Nijeriya na ƙasa, ruwa da muhalli. Ta nuna cewa lokacin zuwan ruwa da yawansa su ne ginshiƙin arzikin fadamar, amma ikon yanke su yana hannun hukumar da mazauna fadamar ba su da hanyar tuhuma. Wannan giɓi ne ya mayar da siyasar yankin ta neman agaji bayan ɓarna.

Gabatarwa

Idan ana maganar buƙatun mutanen ƙauye a Arewa, akan tsaya ne kan taki, hanya, asibiti da rijiyar burtsatse. A ƙasashen Haɗejiya, Bade da Nguru akwai buƙatar da ta riga waɗannan: sanin ranar da ruwa zai iso, iya inda zai malala, da ranar da zai janye. Kogin Kano da na Challawa suna haɗuwa kafin Wudil su zama kogin Haɗejiya. Daga gabashin garin Haɗejiya kogin yana rarrabuwa a tsakanin tsofaffin tuddan rairayi, ya sadu da ruwan Jama'are da ke gangarowa daga tsaunukan Jos, su zama kogin Yobe wanda ke bi ta Gashuwa da Gaidam, ya raba iyaka da yankin Diffa na Nijar, ya faɗa Tafkin Chadi.

Kafin a tare kogin, shekarar fadama tana da tsari. Manomi yakan shuka shinkafa da ruwan farko na damina, ta yi ƙarfi kafin ambaliya ta iso a watan Agusta, ta riƙa tashi tare da ruwan. Kifi ya bazu cikin ciyayi ya yi ƙwai. Da kaka ruwa ya fara ja, masunta su kafa tarkunan dumba da mali a mashigai, manomi ya bi laimar da ruwa ya bari ya shuka wake ko rogo. Da rani ya tsananta Fulani su sauko da shanu su ci ciyawar da ta tsiro a inda ruwa ya kwanta. Fili guda ke nan yana ciyar da sana'a uku, kowace da lokacinta. Abin da ya hana su karo shi ne ruwan yana zuwa kuma yana tafiya.

Madatsun ruwa da lissafin da ba a yi ba

An kammala dam ɗin Tiga a 1974, zamanin gwamna Audu Baƙo, da girman da ya kusa mita kubik biliyan biyu. Na Challawa, da ke ƙasar Ƙaraye, an gama shi a 1992, girmansa wajen rabin na Tiga. Su biyun suna riƙe da kusan kashi 80 cikin ɗari na ruwan da ke shiga kogin Haɗejiya. Amfaninsu a fili yake. Shirin noman rani na Kogin Kano, wanda aka tsara kashinsa na farko a kan hekta 22,000, shi ya mayar da Kadawa, Kura, Garun Malam da Bunkure cibiyar tumatir da shinkafa, kuma birnin Kano yana shan ruwan kogunan nan ta matatun Challawa da Tamburawa. Duk wanda zai yi maganar gyara ya san ba za a rushe waɗannan ba.

Abin da ba a saka a ma'auni ba shi ne asarar mutanen gangare. Ƙididdigar da masu nazarin yankin suka tattara ta nuna filin da ambaliya ke rufewa ya kai hekta 250,000 zuwa 300,000 a shekarun 1960 da 1970, ya sauko zuwa tsakanin 70,000 da 100,000 a farkon shekarun 1990. Fari yana da nasa kaso a wannan raguwa, musamman na 1984, amma tare ruwa ya ƙara tsananta shi. Littafin da Hollis, Adams da Aminu-Kano suka shirya a 1993 ya haɗa bayanan ruwa, noma da su na yankin wuri guda. A wannan shekarar Barbier, Adams da Kimmage suka kwatanta ribar noma, kifi da itacen girki na fadama da ribar shirin Kogin Kano. A kan kowace hekta fadama ta ɗan fi. A kan kowace mita kubik ta ruwa kuwa, fadama ta fi shi ninki ba ninki. Daga baya Barbier da Thompson (1998) suka gwada tsare-tsare daban-daban na faɗaɗa noman rani a sama, suka tarar ko a mafi kyawunsu ribar da za a samu ba ta kai kashi ɗaya cikin biyar na asarar da fadama za ta yi ba. Lissafin ma bai haɗa da kiwo ba, haka nan ruwan da ambaliya ke cusawa ƙarƙashin ƙasa, wanda Acharya da Barbier (2000) suka nuna rijiyoyin masu lambu sun dogara da shi.

Kachala

A ganina babbar illar ba ta ƙarancin ruwa ba ce kaɗai. Domin a ciyar da gonakin rani da famfunan Kano, sai aka riƙa sakin ruwa duk shekara, kogin da ke ƙafewa da rani ya daina ƙafewa. Kachala ciyawa ce mai son ruwa mara zurfi wanda ba ya janyewa. A da rani da wuta da kofaton shanu sukan kashe ta. Yanzu ta samu wurin zama, tana yin tsawon da ya fi na mutum, saiwoyinta suna saƙa da juna suna kama taɓo har mashigin ruwa ya toshe. Tsohon kogin Haɗejiya da mashigin Burum Gana sun cike, yawancin ruwan ya karkata ta mashigin Marma zuwa tafkin Nguru. Sakamakon haka ƙauyuka a ƙananan hukumomin Guri, Kiri Kasamma da Nguru gonakinsu suka nutse shekara da shekaru, alhali na wajen Gashuwa suna jiran ruwan Haɗejiya da ba ya isowa sosai.

Yadda mutane ke yaƙi da ita ya isa a gani. Gayya ake kira, maza su shiga ruwa iya ƙirji da lauje da adda, su yanke ta daga ƙarƙashin ruwa, domin idan aka sare ta a sama sai ta sake tohowa, amma idan ruwa ya rufe kututturen sai ya ruɓe. A ja tarin zuwa gaɓa, a buɗe 'yar hanyar da kwalekwale zai wuce. Aikin makonni ne, kuma damina ɗaya takan mayar da shi baya. Cikin dajin kachalar ne tsuntsayen jan-baki ke kwana, daga nan suke faɗa wa shinkafa da gero, yara su wuni a gona suna kaɗa gwangwani maimakon zuwa makaranta. Ruwan da ya tsaya cik gidan sauro ne da dodon koɗin da ke yaɗa tsargiya. Makiyayi kuma da kachala ta cinye masa makiyaya da mashaya, ba shi da inda zai nufa sai bakin lambun wani. Rikicin manoma da makiyaya da ake yawan ji a wannan yanki yana da dalilai da yawa, amma ruwa ba ya tsami banza.

Doka ta zo a makare

Dokar tantance tasirin ayyuka ga muhalli, mai lamba 86, ta fito ne a 1992, shekaru 18 bayan Tiga, kuma a shekarar da aka gama Challawa. Ko da ta riske su, doka ce da ke tambaya kafin a yi gini. Ba ta da ta cewa kan yadda ma'aikaci zai buɗe ƙofar dam a watan Fabrairu ko ya rufe ta a Agusta, alhali a nan ɓarnar take faruwa kowace shekara. A 2000 aka saka tafkin Nguru da mashigin Marma, hekta 58,100, cikin jerin dausayoyin yarjejeniyar Ramsar, wuri na farko a Nijeriya. Girmamawa ce, sai dai ba ta wajabta wa kowa sakin ko da guga ɗaya ba. Dokar muhallin da talaka ke haɗuwa da ita ido da ido ita ce ta gandun Dagona da Baturiya, inda ake hana shi kiwo, su da saran itace. Ba abin mamaki ba ne idan ya ɗauka kare muhalli na nufin kare tsuntsayen da ke zuwa daga Turai, tunda ita hukumar da ta sauya masa kogi babu mai gadin da ke tare ta.

Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta ƙara wani giɓin. Ta danƙa ƙasa a hannun gwamna, kuma idan an karɓe ta domin amfanin jama'a, diyyar gini da shuka ake biya. Mutumin da ba a karɓe gonarsa ba, ruwanta aka tare ko aka tura mata wanda ya fi ƙarfinta, ba shi da gurbi a wannan doka. A Bakolori, kusa da Talatar Mafara, manoman da aka karɓe wa gonaki domin aikin dam sun tare hanyoyi suna neman diyya, har 'yan sandan kwantar da tarzoma suka far musu a watan Afrilun 1980. Gwamnati ta amsa mutuwar mutane kaɗan, wasu majiyoyi suka ce ɗaruruwa ne. Beckman (1985) da Adams (1988) sun nazarci wannan bore. Manoman Bakolori suna da filin da za su nuna da kamfanin aikin dam da za su tare. Na Haɗejiya da Nguru asararsu ta zo a hankali, daga wani wuri mai nisan tafiyar yini, shi ya sa ba ta taɓa haɗa su a bore irin wancan ba.

Wa za a tuhuma?

Hukumar raya kogunan Haɗejiya da Jama'are, ɗaya daga cikin hukumomi 11 da aka kafa a 1976, ita ke gudanar da madatsun biyu. Ta tarayya ce, hedikwatarta a Kano, kuma Abuja ke naɗa shugabanninta. Ƙarshen kogin, wajen Yobe da Borno, yana ƙarƙashin wata hukumar dabam, ta raya yankin Tafkin Chadi. Dokar albarkatun ruwa ta 1993 da tsarin mulkin 1999 sun bar ruwan da ya ratsa jiha fiye da ɗaya a hannun tarayya. Ƙirƙiro jihohin Jigawa da Yobe a ranar 27 ga Agusta, 1991, ya sauya lissafin siyasar baki ɗaya. Kafin nan gwamnan Kano yana da talakawa a Kura, yana da su a Haɗejiya. Bayan nan dam da masu cin moriyarsa suka zauna a jiha ɗaya, masu ɗaukar asararsa suka koma wasu jihohin.

Saboda haka kansila, shugaban ƙaramar hukuma, ɗan majalisar jiha da gwamna, wato duk waɗanda manomin Auyo ko Guri ke iya samu ya yi wa magana, babu mai iko da ƙofar dam. Abin da ke hannunsu shi ne buhun hatsi da tabarma bayan ambaliya, feshin maganin tsuntsu, injin ban-ruwa da hayar na'urar yashe kogi. Da waɗannan ake yaƙin neman zaɓe, kuma da su ake auna ɗan siyasa. A watan Satumban 2010, da ambaliya ta mamaye sassan Jigawa, jami'an jihar suka ɗora laifin kan buɗe ƙofofin Tiga da Challawa, hukumar ta musanta. Babu alƙaluman da aka baje wa jama'a da za su raba gardamar. An sake shan ambaliya mai tsanani a 2020 da 2022. Kowace irinta tana cinye hanyoyi, ta mayar da azuzuwan firamare sansanin 'yan gudun hijira, ta gurɓata rijiyoyi, kuɗin da za a yi sabon aiki da su su tafi gyaran tsoho. Hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 kan bai wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye zai iya taimaka wa asibiti da makaranta, amma bai taɓa wannan batu ba.

Inda muryar gangare ta yi tasiri shi ne dam ɗin Kafin Zaki da ake son ginawa a ƙasar Ningi, kan ruwan Jama'are. An sha fara aikin ana dakatarwa, kuma da gwamnatin Bauchi ta sake tayar da shi wajen 2008, 'yan siyasar Yobe da Borno, ciki har da Sanata Ahmad Lawan, suka yi tsayin daka, domin Jama'are ne kogin da har yanzu ke kai ambaliya Gashuwa. Hana sabon gini abu ne da ɗan majalisa zai iya tsayawa a kai a gan shi. Gyara yadda ake tafiyar da tsohon gini aiki ne na kullum wanda ba a yanka masa kintinkiri.

Abin da ke hannu

Ba daga sifili za a fara ba. A 2006 jihohi shida, Kano, Jigawa, Bauchi, Filato, Yobe da Borno, sun haɗu da gwamnatin tarayya suka kafa asusun kula da kogin, mai mazauni a Damaturu, aka kuma tsara daftarin yarjejeniyar rabon ruwa. Tun 1990 akwai yarjejeniyar Maiduguri tsakanin Nijeriya da Nijar kan ruwan da suka yi tarayya a kai, wadda ta shafi masu noman tattasai na Diffa. Shirin TRIMING na Bankin Duniya, da aka amince da shi a 2014 kan dala miliyan 495, ya gyara magudanai a Kano da kwarin Haɗejiya, ya kuma ƙarfafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa. Sai dai mambobin waɗannan ƙungiyoyi masu gona ne a cikin shirin ban-ruwa. Masunci da makiyayi da mai shinkafar fadama suna waje.

Masana ruwa sun daɗe da ba da shawarar a riƙa sakin ruwa mai yawa da damina domin a kwaikwayi ambaliyar asali, a kuma rage na rani har wasu mashigai su bushe kachala ta mutu. Wannan zai taɓa mai tumatir a Kadawa da mai famfo a Kano, don haka ba shawarar injiniya kaɗai ba ce, sai an zauna an yi ciniki. Zaman ba zai yi ma'ana ba sai doka ta wajabta wa hukumar fitar da jadawalin sakin ruwa kafin kowace damina, a karanta shi a rediyo da Hausa, Badanci, Barbarci da Fulatanci, a riƙa bayyana ma'aunin ruwan Wudil, Haɗejiya da Gashuwa kowane mako, kuma wakilan masunta, makiyaya da manoman gangare su samu kujera mai ƙuri'a a inda ake amincewa da jadawalin.