Buɗaɗɗun manhajojin gyaran tsofaffin hotuna da bidiyo: yadda suke aiki da inda suke yin ƙari

A gidaje da dama na birnin Bauchi, daga Jahun da Kobi zuwa Yelwa da Fadamar Mada, ba a rasa akwati ko jakar da aka adana kaset-kaset na bidiyo da faya-fayan CD: na ɗaurin aure, na saukar karatu, na hawan sallah a ƙofar fadar Sarkin Bauchi. Idan aka samu na'urar da za ta kunna su aka haɗa da talabijin na zamani, sai a ga hoton ya yi dishi-dishi, fuskoki sun caɓe, da ƙyar ake bambanta wa da ƙane. A 'yan shekarun nan an samu manhajojin kyauta da ke ƙara wa irin waɗannan hotuna girma da fitowa ta hanyar ƙirƙirarriyar basira. Suna da amfani ƙwarai, sai dai aikinsu ya sha bamban da yadda mutane da yawa suke zato.

Inda matsalar take

Kowane hoto a kwamfuta tarin ƙananan ɗigo ne da aka jera layi-layi. Faifan VCD, wanda ya yi tashe a kasuwannin Arewa bayan kaset, yana ɗauke da ɗigo 352 a faɗi da 288 a tsaye, jimilla 101,376. Talabijin mai ɗigo 1920 da 1080 kuwa yana da gurabe 2,073,600, wato kimanin ninki 20. Ke nan idan aka shimfiɗa bidiyon VCD a kansa, a cikin kowane ɗigo 20 da ido ke gani, guda ɗaya kacal ya fito daga faifan, sauran 19 cike gurbi ne. Bidiyon tsofaffin wayoyi da ake turawa ta Bluetooth ya fi haka muni, domin da yawansa 176 da 144 ne.

Tsohuwar hanyar cike gurbin lissafi ce mai sauƙi: a dubi ɗigo biyu maƙwabta a saka launin da ke tsakaninsu. Hoto yana girma amma ya ƙara yin hazo. Sabuwar hanya ita ce a horar da manhaja da ɗimbin hotuna masu kyau waɗanda aka rage musu inganci da gangan, a riƙa nuna mata lalataccen da na asalin har ta koyi yadda gashi ko bango ko ganye ya saba kasancewa. Idan aka ba ta tsohon hoto, sai ta zana abin da ta fi kyautata zaton yana wurin. Abin da kyamara ba ta ɗauka ba tun farko ya tafi. Abin da manhajar ke sanyawa hasashe ne, ko da ya yi kyau a ido.

Manhajojin da aka fi sani

Buɗaɗɗiyar manhaja ita ce wadda masu ita suka saki rubutun umarnin da aka gina ta da shi, kowa na iya dubawa, ya gyara, ya raba bisa sharuɗɗan lasisinta. Akasarin na wannan fanni ana samunsu a shafin GitHub ba tare da biyan ko kwabo ba.

Tushen aikin ya koma 2014, lokacin da masu bincike a wata jami'a da ke Hong Kong suka fitar da tsarin SRCNN. A 2015 wani mai rubuta manhaja a Japan ya ɗora waifu2x a kan wannan tunani, domin hotunan zane na katun. ESRGAN ta biyo baya a 2018, sannan a 2021 Xintao Wang da abokan aikinsa a kamfanin Tencent na China suka saki Real-ESRGAN, wadda aka horar da ita musamman don hotunan da suka sha wuya, irin waɗanda aka matse aka sake matsewa wajen turawa daga waya zuwa waya. A shekarar ne kuma suka fitar da GFPGAN, mai gyaran fuska kaɗai.

Wanda bai iya rubuta umarnin kwamfuta ba zai fi jin daɗin Upscayl, wadda ta fito a 2022 kuma take aiki a Windows da Linux da macOS: a zaɓi hoto, a zaɓi ninkin da ake so, a danna. A ɓangaren bidiyo akwai Video2X, da kuma FFmpeg wadda ake amfani da ita tun 2000 wajen yanka bidiyo da sauya masa tsari. Wani alherin waɗannan manhajoji shi ne a kan kwamfutar mutum suke aiki. Hoton iyali ba ya zuwa rumbun wani kamfani a ƙetare, kuma da zarar an sauke su ba a buƙatar data.

Tsadar tana wajen na'ura da lokaci. Upscayl na buƙatar katin sarrafa hoto mai goyon bayan tsarin Vulkan, abin da tsofaffin kwamfutocin tafi-da-gidanka da yawa ba su da shi. Bidiyo kuwa a tsarin PAL da Najeriya ke bi hotuna 25 ne a kowane daƙiƙa, saboda haka kaset na awa ɗaya hotuna 90,000 ne. Idan kowanne ya ci daƙiƙa biyu, aikin zai ɗauki awa 50. Mai shago da ke dogaro da janareto ko sola gara ya yanka bidiyon gunduwa-gunduwa na 'yan mintoci, domin kada ɗaukewar wuta ta mayar da shi farko.

Fuska, zane da rubutu

Nan ne ya kamata a fi yin hattara. An horar da GFPGAN da tarin hotunan fuskoki 70,000 da kamfanin Nvidia ya tattara daga shafin Flickr. Manhaja abin da ta saba gani take zanawa. A watan Yunin 2020 an gwada wani tsari mai suna PULSE, na Jami'ar Duke da ke Amurka, da hoton Barack Obama da aka dusashe, sai ya fito da fuskar wani Bature da bai taɓa wanzuwa ba.

A jiha irin Bauchi, inda dattawan ƙabilu da dama ke ɗauke da zanen gado a fuska, wannan ba ƙaramin al'amari ba ne. Manhajar da ta koyi cewa layi a kan kunci alamar karcewar hoto ce tana iya goge tsagar kakan wani ta bar fata sumul, ta kuma haskaka launinta. Haka aikin allura na babbar riga, irin aska takwas, yana iya komawa wani ado da babu maɗinkin da ya taɓa yin sa. Rubutu ya fi komai shan wahala: lambar mota, ko allon ajami a hannun ɗalibi, kan fito da haruffa masu kyan gani waɗanda ba su karantuwa, ko kuma su karantu da abin da ba shi aka rubuta ba.

Hotunan tarihi ma haka. A kabarin Firayim Minista Sir Abubakar Tafawa Balewa da ke cikin birnin ana ajiye da hotunansa da kayayyakinsa, kuma bidiyon jawabinsa na ranar samun 'yancin kai, 1 ga Oktoba 1960, yana yawo a kafafen sada zumunta. Babu laifi a gyara kwafin irin wannan don matasa su kalla, muddin an rubuta a jikinsa cewa gyararre ne. Idan ba a rubuta ba, bayan 'yan shekaru gyararren ne zai cika intanet, ɗalibi kuma ya ɗauka fuskar da manhaja ta zana ita ce ta marigayin.

Ta fuskar shari'a, a watan Maris na 2024 wani alƙali a gundumar King ta jihar Washington a Amurka ya ƙi karɓar bidiyon waya da aka gyara da ƙirƙirarriyar basira a wata shari'ar kisan kai, bisa dalilin cewa fasahar tana ƙara abin da babu a ainihin bidiyon. A Najeriya sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ne ya shimfiɗa sharuɗɗan karɓar shaidar da ta fito daga kwamfuta. Mai shagon da kyamarar tsaronsa ta ɗauki ɓarawo ya miƙa wa 'yan sanda bidiyon yadda yake, domin fuskar da aka "gyara" na iya yin kama da ta wani bawan Allah da bai san hawa ba bai san sauka ba. Tsofaffin finafinan Hausa na zamanin kaset kuma suna da masu haƙƙin mallaka, gyara musu hoto ba ya ba wani izinin sayar da su.

Matakin da ke gaban manhaja

Ingancin sakamako ya dogara da yadda aka kwafo abin tun farko. Hoton kati a sa shi a na'urar sikana a kan ɗigo 600 a kowane inci, ya fi a ɗauke shi da waya. Idan akwai kaset na asali da kuma VCD da aka juya daga gare shi, a koma wa kaset ɗin, domin matsewar VCD tana barin dabbare-dabbaren da manhaja ke ƙara fito da su. Bidiyon kaset yana buƙatar a fara daidaita layukansa masu kama da haƙoran mataji, aikin da FFmpeg ke yi, kafin a ƙara masa girma. Ninki biyu ya fi ninki huɗu aminci, kuma a wasu daga cikin waɗannan manhajoji ana iya kashe sashen gyaran fuska gaba ɗaya.

Kwafin farko da ba a taɓa ba a ajiye shi a wurare biyu daban, da suna da shekara da wurin da aka ɗauka, tun da sauran dattawan da za su iya faɗin waye a cikin hoton. Kaset ɗin kansa ba ya jira: zafin bazara yana lanƙwasa shi, ƙurar hunturu na shiga cikinsa, laimar damina na sa masa fumfuna, ga shi kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe da ke ƙera na'urar kunna VHS, ya daina tun 2016.